Ƙanƙara a Cikin Bargo

A Gure, in hadari ya haɗo daga gabas, kowace mace da abin da take rugawa ta yi. Wata ta kwashe shanya, wata ta kora kaji akurki, wata ta tsaya tsakar gida tana ƙwala wa 'ya'yanta kira. Habsu matar Aisami ita kaɗai ce ke ɗora tukunyar zoɓo. Shekara biyu tana wannan hali, har maƙwabta suka rage wa kansu wahalar duban sama. Da sun ji ƙanshin zoɓo ya tsallako danga, sai su ce yau akwai ruwa.

Wasu sun ce taɓuwa ce. Ba taɓuwa ba ce. Habsu dai mace ce da ba a koya mata "wataƙila" ba. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, 'yar Damagaram da aure ya kawo Gure, kuma in ta ce abu zai yiwu, gara abin ya yiwu tun da girma da arziki. Ƙanƙara take jira, ta sama, irin wadda kan zubo tare da ruwan fari bayan bazara ta gasa ƙasa ta gaji. Dalilin jiran kuwa ya girmi aurenta.

Zamanin yaƙin Jamus, Nasara suka ɗebi samari daga ƙasar Gure suka haye teku da su. Cikinsu akwai Aisami da amininsa Mamadu, ɗan farin Iya A'i, wadda gida uku ne tsakanin gidanta da na su Aisami. Bayan shekara uku Aisami ya dawo da bargon soja guda, da hannun hagu da ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Mamadu bai dawo ba. Ranar da Aisami ya sauka, ko gidan ubansa bai shiga ba sai da ya je ya durƙusa gaban Iya A'i, ya ba ta labarin ɗanta tiryan-tiryan.

Ya ce Mamadu bai mutu a fagen yaƙi ba. A gidan likita ya cika, a kan gado, gadonsa na jikin nasa. Lokacin zafinsu ne na can. Kwana uku raunin ƙirji da zazzaɓi sun hana shi haɗiye ko ruwa. Ran na huɗu wata Baturiya mai jinya ta kawo musu wani abu: ruwan wani ɗan itace ne ja da suke ce wa furez, an daskarar da shi ya yi tauri, da cokali tsaye a tsakiyarsa a maimakon mariƙi. Mamadu ya tsotse nasa tas, har ya yi dariya. Da la'asar ya yi kalmar shahada da bakinsa. Aisami da waɗansu Musulmi biyu suka wanke shi, suka yi masa salla, suka sa shi a kabari yana fuskantar alƙibla.

Iya A'i ba ta tambayi komai ba. Uwa ba ta bin diddigin ɗan fari a gaban mutane, ba ta ma kama sunansa. Tun yana goye "yaron nan" take ce masa, bayan ya mutu ma "yaron nan" ne. Amma labarin nan shi ta riƙe. Kowace Juma'a Aisami kan je gaishe ta, ta sa masa albarka, ta damƙa masa dabino. Haka aka yi shekara goma sha biyu.

Sai Alhasan, ƙanin Mamadu, ya girma. Ya zama falke, yana kai manda, gishirin ƙasar nan, Gidigir da gaba da can, yana sauka zango-zango, yana jin hirar waɗansu tsofaffin sojoji. A bakinsu ya ji yadda aka bar mutane cikin taɓo, ba wanka ba salla. Kada a ɗora masa laifin duka. Yana ɗan shekara goma aka tafi da wansa, kuma duk wanda aka ba labari mai daɗi da yawa a kan mamacinsa, wata rana sai ya zauna ya juya labarin ya duba ƙasansa. Inda ya yi rashin kyauta shi ne wurin da ya zaɓa. A taron suna, gaban dattijan unguwa, ya dubi Aisami.

"Yaya Aisami, ka ce lokacin zahi ne. To ina suka samu ƙanƙara?"

Aisami, mutum marar kwana-kwana, ya amsa masa da zuciya ɗaya. Ya ce shi da idonsa ya gani, don da ya fara jin sauƙi yakan taya masu girki ɗaukar bokiti. Ƙanƙarar lokacin sanyi suke tarawa a rami, su rufe ta da ciyawa da barguna, ta kai rani. In za su yi abin nan sai su farfasa ta, su zuba mata gishiri, su kafa gwangwani a tsakiya, ruwan da ke cikin gwangwanin ya daskare. Wani ya tambayi kamannin ɗan itacen, ya ce ƙwayoyinsa a waje suke, a jikin fata. Nan taro ya fashe da dariya. An lulluɓe ƙanƙara da bargo, an ba ta gishiri, ga kuma ɗan itace da ya sa rigarsa a baibai.

Alhasan bai yi dariya ba. Ya ce, "Bargo ɗumi yake sawa, gishiri kuma jiƙa yake ja, yaro ma ya sani. Wanda ya iya shirya wannan, ya iya shirya gado da likkahwani da salla. Ka gaya mana gaskiya, cikin wane taɓo kuka bar shi?"

Kafin taro ya watse magana ta shiga cikin gida, har ta kai kunnen uwar Mamadu. Juma'ar da ta biyo, Iya A'i ta amsa gaisuwar Aisami fuskarta na bango. Ta gaba, Alhasan ya tare shi a zaure ya ce tsohuwa na barci. Daga nan Aisami ya daina zuwa, ya daina zama gindin gawo da dattijai, ya koma daga gona sai masallaci sai gida. A bayan idonsa ana ce masa Mai Bargo.

Sunan bai dami Habsu sosai ba. Abin da ya dame ta shi ne tsohuwa tana can tana kwana tana tashi da tunanin ɗanta yashe cikin taɓo, mijinta kuma an ɗora masa ƙarya a kan gawa. Aisami fa! Mutumin da ranar neman aurenta ya zauna yana lissafa wa ubanta aibin kansa, da hannun da ba ya ɗaguwa da gonar da rabinta rairayi ne, har tsohon ya ce ya isa haka. Mutumin da in ta tambaye shi yadda miya ta yi, sai ya faɗa mata yadda ta yi. Sau nawa ta so ya iya ɗan shafa wa magana mai, bai iya ba.

A bakin rijiya ta yanke magana, gaban mata kusan goma. "Abin nan da kuke ma dariya, ni Habsu zan yi shi, in kai ma Iya ta taɓa da harshenta."

Shekarar da ta zagayo Allah ya kawo ƙanƙara, kuma a nan Habsu ta yi abin da ba ta son a tuna mata. Aisami na gona yana shara. Ta fita da ƙwarya ta tsinto ƙanƙara cike da ita, ta shigo ɗaki a guje. Bargon na nan a maratayi. Ta kai hannu ta taɓa shi, ta ji kaurin gashinsa, ta tuna yadda yake sa mutum gumi ko cikin ɗari, sai hannun ya ƙi. Tun tana yarinya ta san inda ake kai abin da ake so ya yi sanyi: randa, a kan jiƙaƙƙen rairayi, a inuwa. Uwarta haka ta yi, kakarta haka ta yi. Ta juye ƙanƙarar cikin randarta, wadda duk unguwa ke yaba sanyin ruwanta, ta bar ɗan ruwa a ƙasa don ya taya ta, ta rufe da faifai, sannan ta koma hura wutar zoɓo. Kafin zoɓo ya dahu ya huce, ta ɗaga faifai ta tarar da ruwa zalla, da ɗan tsinken ciyawa yana yawo a kai.

Aisami ya dawo jiƙe sharkaf. Ya leƙa randa, ya ɗaga kai ya dubi bargo a inda yake, a bushe, ko motsa shi ba a yi ba. Ya ce, "Ke ma?" Ya ɗauki buta ya fita.

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ita ce mai tsayawa bakin rijiya tana cacar baki da duk wadda ta ce masa maƙaryaci, ga shi ita ma ta faɗa masa, da hannu. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta kwana uku ba ta iya haɗa ido da shi. Ran na huɗu kunyar ta juye ta koma aiki, don Habsu ba ta iya dogon zama da baƙin ciki ba. Ta ajiye masa fura, ta zauna gabansa.

"Malam, gaya mini daga hwarko. Wannan karon ko ka ce in sa mata barkono, sawa zan yi."

Sai da ta yi ta jan maganar kamar guga daga rijiya mai zurfi, amma ta samu. Ƙanƙara ludayi uku, gishiri ludayi ɗaya. Gwangwani ya zama ƙarami marar kauri. Ruwan ya riga ya huce tun kafin a fara. Kada zaƙi ya yi yawa, in ya yi yawa ba ya kamawa. In an rufe kuma a bar shi, kada a yi ta leƙe.

Furez dai babu shi a Gure, ba kuma za a same shi ba, amma ja ai ja ne, ga zoɓo. Ta samo ƙananan gwangwanayen madara uku daga wajen matar kukun bariki, ta goge su da toka. Ta zuba farin gishirin Bilma a gora ta toshe bakin, ta hana kowa taɓawa ko da miya za ta kwana lami. Ta cika babban kwando da ƙaiƙayi, ta nutsa akushi a tsakiya, ta fere tsinken kaba uku ta soke a jinka. Daga nan ne aka fara jin ƙanshin zoɓo duk ranar hadari. Daminar nan ta ƙare ba a sake ƙanƙara ba. Wata daminar ta zo, ranar guda aka ɗan yayyafo 'yan ƙwayoyi kamar gero, kafin ta sunkuya sun ɓace, ta miƙe ta ce gaisuwa ce suka aiko. Mutanen gidan kuwa suka sha zoɓo har ya fita ransu.

A bazarar da ta biyo jikin Iya A'i ya yi nauyi. Habsu, da yake mace ce, ba a hana ta shiga ba, takan kai mata kunu ta zauna ta yi mata fifita. Tsohuwa ta rame ƙwarai, kunun ma sai ta kurɓi biyu ta kau da kai. Wata rana, idonta na kan jinka, ta ce, "Habsu, su mutanen can, suna tona ma mutum rami kamar namu?"

"Suna tonawa, Iya. Ki jira ni kaɗan, zan kawo miki shaida."

"Jira ba a hannuna yake ba, 'yar nan."

Habsu ta fito ta tsaya ƙofar gida ta dubi sama, fari fat, ko ɗigon gajimare babu. Ba ta karaya ba, amma ranar ta yi wa sama irin kallon da take yi wa akuyar da ta ƙi shiga garke.

Kwana tara bayan haka, wata Alhamis, gari ya waye da zafi mai danƙo, iska ta tsaya cak. Tun da hantsi Habsu ta dafa zoɓo ta tace, ta ɗiga masa zuma kaɗan, ta nutsa tulun cikin rairayin gindin randa. Wannan aikin dai randa ta iya shi. Bayan azahar gabas ta yi baƙi, cikin baƙin kuma akwai wani ɗorawa-ɗorawa da rabonta da ganinsa tun ranar da ta yi ɓarna. Sai iska ta buso mai sanyi. Ta fito da duk tabarmin gidan ta shimfiɗe tsakar gida, ta danne gefensu da duwatsu, don ta san rairayin Gure: in ya sha rana, duk abin da ya faɗa kansa ya tafi.

Ɗigon farko manya ne, jefi-jefi. Sai aka ji ƙwas a kan turmi, aka ji ƙwas a kan danga, sannan abin ya ɓarke. Ƙanƙara ce kamar 'ya'yan kurna, wasu sun kai ƙwan kurciya, tana tsalle a kan tabarmi. Gari ya ɗauki kukan awaki da salatin mata. Habsu ta kifa ƙwarya a ka, ta ɗaure ta da ɗankwali a haɓa, ta fita da faifai tana kwasa. Ƙanƙara na dukanta a gadon baya da dantse, ita kuwa sai ka ce kirari ake yi mata.

Aisami yana tsaye bakin ɗaki yana kallo. Da ta kawo faifai na biyu, sai ta ga ya shige ciki. Ta ɗauka baya ya juya mata. Sai ga shi ya fito da bargon a kafaɗa.

"Kada ki juye duka. Zuba kaɗan, sa gishiri, sannan ki ƙara."

Shekara uku rabon da ta ji muryarsa ta fito haka, a miƙe. Ta yi yadda ya ce, ludayi uku da ludayi ɗaya. Ta zuba zoɓo a gwangwanayen, ta kafa su har wuya, ta rufe kowanne da 'yar sakaina mai huda, ta zura tsinken kaba ta hudar. Wata maƙwabciya ta leƙo ta saman danga da tabarma a ka.

"Habsu, randa. Kai ta randa kahin ta narke."

"Randa ta ci nata rabon," in ji Habsu, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Amma sai ta dubi akushin. Gishirin yana cin ƙanƙarar a kan idonta, tana ƙara ƙas-ƙas, tana zama ruwa-ruwa. Abin da Alhasan ya faɗa ke nan, ga shi yana faruwa. Hannunta ya fara tafiya zai tsamo gwangwanayen. Aisami ya gani.

"Sa yatsa."

Ta tsoma yatsa cikin ruwan gishirin, ta fizge shi da sauri ta kai baki. Ba sanyin da ta sani ba ne, wannan harbi yake kamar kunama. Ta dubi mijinta, dariya ta kuɓuce mata. Suka ƙara ƙanƙara a sama, suka kifa wani akushin, suka tura ƙaiƙayi ta kowane gefe. Sannan Habsu da hannunta ta karɓi bargon, ta naɗe kwandon da shi, ta ɗaure da igiya.

"Har yaushe?"

"Kamar dahuwar wake."

Ruwa ya ɗauke, rana ta sake fitowa, ƙasa ta shiga turiri. Ƙanƙarar da ta rage a tsakar gida ta ɓace kamar ba a yi ba. Duk aikin da Habsu ta yi a shekarun nan babu mai wuya kamar wannan zaman. Ta share tsakar gida, ta shanya tabarmi, ta sake share inda ta share. Aisami ya yi sallar la'asar, ya dawo ya tsuguna gaban kwandon, ya kai hannu ga igiya.

"Bari mu duba ɗaya tukuna."

"A'a. Gaban Iya za a buɗe."

Ya dube ta. "In bai kama ba hwa? Ƙanƙarar can manya ce, Habsu, kamar tubali. Ban taɓa gani an yi da ta sama ba."

"Ka ce ludayi uku da ludayi ɗaya, na yi. Ka ce bargo, ga bargo. Wancan karon na bar maganarka na bi ta kaina, na ga abin da na samu. Taya ni in ɗauka."

Haka suka fito, ita a gaba da kwando naɗe cikin bargon soja a ka, shi a baya. Gida uku ne kawai, amma kafin su kai unguwa ta samu labari, mutane sun fito ƙofar gidajensu. Wani ya ce Mai Bargo ya samu mai ɗaukar masa kaya. Habsu ta gaishe shi da kyau ta wuce.

Alhasan na zaure yana duba kayan mandarsa ko ruwa ya taɓa su. Ya miƙe ya tsaya a ƙofar cikin gida.

"Ke shiga. Shi a'a."

"Malam Alhasan, kayan nashi ne, ni ɗauko mishi na yi."

"In kuka buɗe ta ga ruwa hwa? Tsohuwa na hwama da kanta, ku zo ku ƙara mata?"

Tambayar gaskiya ce, Habsu ma ta san haka. Ta ce, "In ruwa ne, ni da bakina zan ce ma Iya kai ke da gaskiya, kuma ba ka ƙara ganin ƙahwarmu gidan nan." Alhasan ya dubi Aisami. Aisami ya gyaɗa kai. Alhasan ya matsa gefe.

Ɗakin Iya A'i akwai ɗan duhu da ƙanshin jiƙaƙƙiyar jinka. Aisami ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa, tsohuwa ta amsa can ƙasan maƙoshi, ba ta juyo ba. Habsu ta sauke kwando, ta kwance igiya, ta yaye bargo, ta ture ƙaiƙayi, ta ɗaga akushin sama. Rabin ƙanƙarar ya zama ruwa, sauran na yawo a ciki. Ta tsamo gwangwani ɗaya, bakinsa ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Ta zare sakainar, ta kama tsinken kaba ta ja. Ya ƙi. Ta sake ja, gwangwanin ya biyo tsinken gaba ɗaya.

"Ya kama jikin gwangwanin," in ji Aisami a hankali. "Sai an ɗumama shi da tahin hannu biyu." Ya dubi hannunsa na hagu. Na Habsu kuwa sun riga sun sandare. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta dangwara gwangwanin a hannun Alhasan ta haɗe masa tafukan.

"Riƙe."

Ya zabura zai saki, ya daure. Ta ga sanyin ya hau masa har fuska. Ta ɗan jira, ta murɗa tsinken, sai abin ya zamo ya fito: ja wur, mai tauri, da siffar gwangwanin, yana fitar da ɗan hayaƙi cikin zafin ɗakin. Alhasan ya tsaya da gwangwani wofi a hannu yana kallo.

Habsu ta hau bakin gado ta tallafo kan tsohuwa. "Iya, ga shaidar da na ce." Ta ɗora mata a leɓe. Iya A'i ta janye kai, ta buɗe ido, ta lashi leɓenta. Sannan ta ɗago hannu, ta kama wuyan hannun Habsu ta jawo shi. Ta tsotsa, ta haɗiye, ta sake tsotsa. Jan ruwa ya gangaro ta haɓarta, ba wanda ya tuna ya goge.

Can ta juyo da fuskarta wajen ƙofa, karon farko cikin shekara uku. "Aisami, irin wannan ne?"

Da wani ne, "i" zai ce ya huta. Aisami ya ce, "Sai na ɗanɗana, Iya." Ya miƙa hannu, Alhasan ya ba shi gwangwanin, ya lakaci abin da ya rage a ƙasa ya sa a harshe.

"Sanyin shi ne, da taurin. Amma nasu ya hi ƙanshi, kuma bai kai wannan tsami ba."

Habsu ta harare shi. Shekara biyu tana dafa zoɓo, don a zo a ce mata tsami a gidan mutane. Har ta buɗe baki, sai ta ga fuskar Alhasan, ta fasa. Yana yi wa Aisami kallon wanda ya gane cewa mutumin nan, ko don ya faranta wa matarsa rai, ko don ya wanke kansa, ba ya iya ƙara kalma ɗaya a kan abin da ya sani.

"Ya shanye nashi duka?" in ji tsohuwa.

"Duka, Iya. Har cokalin ya lashe."

"Haka yake. Tun yana rarrahe ba ya rage komi a ƙwarya." Sannan ta ce, "Mamadu."

A hankali ta faɗe shi, sau ɗaya. Alhasan, da aka haifa a ɗakin nan ya girma a cikinsa, bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Habsu ma hawaye suka cika mata ido, ta bar su suka zubo, don hannayenta duka biyu na da aiki.

"Matso, Aisami," in ji Iya A'i. "Sake gaya mini daga hwarko. Kada ka tsallake wajen wankan."

Alhasan ya goge fuska da hannun riga. Ya ciro buzunsa daga maratayi, ya shimfiɗa dab da gado, ya ce, "Yaya, zauna nan." Shi kuma ya zauna a ƙasa.

Aisami ya fara. Habsu ta jira tsohuwa ta gama tsotse tsinken, ta gyara mata matashi, ta zare na biyu ta sa a hannun Alhasan. Ya karɓa bai duba ba, abin yana ta ɗiga ta tsakanin yatsunsa, kunnensa na wajen labarin. Ta kwashi kwandonta ta fito tsakar gida da na ukun.

A nan, ita kaɗai, ta kai shi baki. Haƙoranta suka amsa har cikin ka. Ta tsaya ta juya shi a harshe, ta yi masa adalci. Gaskiyar Malam ce, tsami ya yi yawa. Ta shanye abinta tas, ta kakkaɓe ƙaiƙayi daga bargon, ta shanya shi a kan dangar Iya A'i, ta gefen hanya.